Karofi da Ɗakin Gwaji: Tarihin Shuni da Ilmin Sauyin Sinadarai a Ƙasar Kano

 

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya so ya ce wane mawadaci ne, sai ya ce yana da hannu da shuni. Wannan magana kaɗai ta isa shaida cewa an yi zamanin da rini yake cikin manyan ƙofofin arziki a ƙasar nan. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi tarihin shunin nan ta fuskar ilmin kemistiri, musamman reshensa da yake nazarin sinadaran da aka gina a kan kabon, watau waɗanda jikin tsiro da na dabba suka ƙunsa. Wannan reshe yana da manyan tambayoyi biyu. Ta farko, wane iri ne sauyin da ya auku sa'ad da wani abu ya rikiɗa ya zama wani? Ta biyu, ta waɗanne matakai sauyin ya bi? Abin da nake so in nuna shi ne, marinan ƙasar Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna sarrafa waɗannan sauye-sauye da gwaninta, amma waɗanda suka gano matakan su ne suka karɓe kasuwar daga baya. A cikin wannan akwai darasi ga ɗalibi, akwai kuma ga ma'aikaci.

Daga Gaya zuwa Dala

Ya kamata mu fara daga Gaya, domin tarihin baka ya nuna daga can ne maƙeran da ake kira Abagayawa suka taso suka sauka a gindin Dala suna neman tama. Littafin Tarihin Kano kuma ya ambaci zuwan Agalfati, Sarkin Gaya, a zamanin Sarkin Kano Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463. Ƙasar Gaya, har da yankin da yanzu ya zama Ƙaramar Hukumar Ajingi, ita ce ƙofar Kano ta gabas, wajen da ke fuskantar Barno, kuma Barno tana cikin manyan kasuwannin tufafin Kano.

Me maƙerin nan yake yi sa'ad da ya zuba tama da gawayi a cikin rahoniya ya hura wuta? Tama ƙarfe ce da ta haɗu da oksijin, watau sashen iskar da muke shaƙa don mu rayu. Gawayi ya ƙwace oksijin ɗin, ƙarfe ya fito. Malaman kimiyya suna fassara wannan da cewa ƙarfen ya sami ilektiron, gawayin kuwa ya yi asararsa. Ilektiron wata ƙanƙanuwar ƙwaya ce mai ɗauke da lantarki da ke kewaya kowace ƙwayar zarra, kuma da ita ne ƙwayoyin zarra suke riƙe juna su zama curi guda. Ku riƙe waɗannan kalmomi biyu, samun ilektiron da asarar ilektiron, gama za mu tarar da su a cikin karofi. Maƙeri yana yin aikin da zafin wuta, marini kuwa yana yin irinsa cikin ruwa mai ɗumi.

Bunƙasar Rini

Ana cewa an kafa marinar Ƙofar Mata a cikin birnin Kano a 1498. Amma a ƙarni na 19 ne sana'ar ta kai ƙololuwarta, bayan da kafuwar Daular Sakkwato ta haɗa kasuwanni masu yawa a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Clapperton, Baturen Birtaniya da ya zo Kano a 1824, ya ga marina ya rubuta labarinsu. Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take sayarwa waje a shekara sun kai aƙalla na wuri miliyan 300. Ana kai su Timbuktu da Agadas da Gat da Barno, har zuwa Tarabulus.

Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya kammala babban bincikensa a kan wannan sana'a a 1975. Ya nuna cewa yawancin rinin a garuruwan karkara ake yinsa, irin su Kura da Bunkure da Dal da Zarewa, kuma karofin da ke ƙasar Kano a ƙarshen ƙarnin sun haura 10,000. Ya kuma nuna muhimmancin laso, watau simintin gargajiya da ake haɗawa da katsi da gashin dabba da dafara. Da laso ne aka sami damar gina ramuka masu zurfi da ba sa tsiyaya, maimakon tukwane, saboda haka aka riƙa rina tufa mai yawa da kuɗi kaɗan. Daga Kura ne rawanin nan mai ƙyalli ya sami sunansa na ɗan Kura, wanda Buzaye ba su da abin ado da ya fi shi.

Sauyi na Farko: Tsagewa da Ruwa

Duk wanda ya dubi ganyen baba ya san kore ne, ba shuɗi ba. To, ina shunin yake? Amsa ita ce babu shi tukuna. Abin da ke cikin ganyen wani sinadari ne marar launi mai narkewa a ruwa, ana kiransa indikan. Curinsa kashi biyu ne a manne: kashi ɗaya sukari ne, ɗayan kuwa ana kiransa indoksil. Muddin sukarin yana manne, indoksil ba ya iya yin kome, kamar takobi ne a cikin kube.

Sa'ad da aka daka ganyen ko aka jiƙa shi, sai wani inzayim, watau sinadarin da halitta take yi don gaggauta sauyi, ya sami hanyar isa ga indikan. Ruwa ya shiga tsakani, ya tsinke igiyar da ta ɗaure kashi biyun, sukari ya yi nasa wuri, indoksil ya yi nasa. Wannan shi ake kira tsagewa da ruwa, kuma reshe ne na babban nau'in da ake kira musanya, inda wani sashe ya fita daga jikin kabon, wani ya maye gurbinsa.

Wannan nau'in ba baƙo ba ne a gidajenmu. Matar da take dafa sabulu da mai da ruwan toka, a Kademi take ko a Toranke, shi take yi. An gano matakansa sarai. A cikin curin mai akwai wani kabon da oksijin ya janye wa ilektiron, ya bar shi da yunwa. A cikin ruwan toka kuma akwai haidiroksaid, wanda ilektiron ya yi wa yawa. Mai yawa ya kai wa mayunwaci farmaki ya manne masa, aka sami wani curi na wucin gadi wanda ba ya daɗewa, sa'an nan ya rushe ya saki giliserin, abin da ya rage shi ne sabulu. Ta yaya aka tabbatar da haka, alhali ido ba ya ganin curi? A 1934, a Manchesta, Polanyi da Szabo suka yi wannan sauyi da ruwan da aka sa wa oksijin mai nauyi, suka bi sawunsa kamar yadda makiyayi yake bin sawun saniya mai alama, suka ga inda ya sauka, ta haka suka san wace igiya ce ta tsinke. Irin wannan bin sawu shi ne ainihin abin da ake nufi da nazarin matakan sauyi.

Sauyi na Biyu: Asarar Ilektiron

Indoksil da ya rabu da sukari ba ya zama lafiya. Da zarar ya gamu da iska, sai oksijin ya fizge masa ilektiron, ya bar shi da ilektiron guda marar aboki. Irin wannan curi ba shi da haƙuri. Biyu daga cikinsu suka haɗu suka ɗaure da juna, iska ta ƙara fizge musu haidirojin, sai ga shuni ya bayyana. Baeyer, wanda za mu zo kansa, shi ya nuna cewa curin shuni tagwaye ne, yana da kabon 16, haidirojin 10, naitirojin 2 da oksijin 2.

Sauyin yana da wata 'yar ɓarauniyar hanya. Wani sashe na indoksil yakan wuce gona da iri wajen shan iska ya zama isatin, shi kuma ya haɗu da wani indoksil ya ba da wani launi ja-ja da ake kira indirubin. Shi ya sa shunin ganye ba ya zama iri ɗaya koyaushe, ya danganta ga yadda aka sarrafa shi. Wanda ya san matakan yana iya toshe wannan hanya ko ya buɗe ta, yadda ya ga dama.

Shuni yana shanye hasken da ke wajen ruwan lemo, ya mayar wa ido sauran, shi ne muke ganinsa shuɗi. Amma yana da wani hali da ya zama wa marini matsala: curinsa suna riƙe juna tamau, ruwa ba ya narkar da su. Abin da ba ya narkewa kuwa ba ya shiga zare. Maganin wannan matsala shi ne karofi.

Sauyi na Uku: Samun Ilektiron

Marini yakan cika rami da ruwa, ya zuba baba da toka da katsi, ya rufe, ya bar shi kwanaki yana ruɓa, yana motsa shi da sanda lokaci-lokaci. Katsi shi ne laka da ta kwanta a gindin tsohon karofi, aka kwashe ta, aka shanya, aka ƙona. Toka da katsi su ne ke ba ruwan kaifi. A cikin ruwan kuma akwai ƙwayoyin bakteriya masu jure wa kaifi, waɗanda ke cin sukari da ragowar ganye. Suna cikin ci sai su cinye iskar da ke ruwan, sa'an nan su juye ilektiron ɗin da suka samu daga abinci a kan shuni. Kowane curin shuni ya karɓi ilektiron 2, sai ya rikiɗa ya zama abin da malamai suke kira farin shuni, wanda launinsa ɗorawa-ɗorawa ne mai ɗan kore, kuma yana narkewa a ruwa mai kaifi. A 1999 masu bincike a Ingila sun bayyana sunan ɗaya daga cikin irin waɗannan bakteriya, bayan sun ware ta daga irin karofin da Turawan da suke yi.

Daga nan sai marini ya tsoma tufa. Farin shuni ya bi ruwa ya kutsa cikin zare. Aka fito da tufa tana kore-kore, iska ta buge ta, oksijin ya ƙwace ilektiron biyun nan, kan ka ce kwabo ta koma shuɗiya a gaban idonka. Shunin ya koma halinsa na ƙin narkewa, amma yanzu yana tsare a cikin zare, ba shi da mafita. A sake tsomawa a sake shanyawa, launi ya yi ta ƙara duhu.

Idan mun fahimci wannan, sai mu ga cewa ƙa'idodin marina ba camfi ba ne. Ana rufe karofi don kada iska ta mayar da farin shuni shuɗi tun bai shiga zare ba. Ana yin rami mai zurfi mai ƙaramin baki don fuskar da iska take taɓawa ta ragu, ƙasa kuma ta riƙe ɗumi. Kumfar nan mai shuɗi da ke tasowa a sama, wurin da ruwa ya gamu da iska ne. Idan kaifi ya yi kaɗan farin shuni ba ya narkewa, idan ya yi yawa bakteriya su mutu. Marini ba shi da na'urar auna kaifi, amma yana duban kumfa da launi, yana jin wari, ya san ko karofi ya nuna ko ya mutu.

Shuni da Lalle

Akwai tambayar da ɗalibi mai lura zai yi. Don me turkuɗi yake zuba a jikin mai sa shi, har Turawa suke kiran Buzaye shuɗɗan mutane, alhali lallen da amarya ta ƙunsa ba ya wankuwa ko da sabulu? Bambancin yana cikin nau'in sauyin. Shuni bai ɗaure da auduga ba, zaman fursuna yake a cikinta, wanda kuwa mabuga suka buga a bisa tufa don ta yi ƙyalli yana kwance ne a waje, gogayya kaɗan ta ɗebe shi. Lalle kuwa yana da sinadarin da ake kira loson, wanda yake da kabon mayunwaci. Fatar mutum da farcensa suna da wani furotin mai sassan da ilektiron ya yi wa yawa. Sashen nan ya manne wa kabon ɗin da igiya ta dindindin, ba tare da wani abu ya fita ba. Wannan nau'i shi ake kira ƙari. Saboda haka lalle ba ya tafiya sai fatar ta saɓule ko farcen ya fito an yanke. Akwai sauran nau'o'i, kamar cirewa, wanda shi ne kishiyar ƙari, da sake jeri, inda curi yake juya sassansa a cikin kansa, amma waɗanda muka ambata sun ishe mu.

Abin da ya Faru a Jamus

A shekarun da Barth yake mamakin arzikin Kano, 'yan ƙasarsu suna kan wata hanya dabam. A 1826 Unverdorben ya toya shuni ya tatso wani mai, wanda daga baya aka raɗa wa suna anilin, daga kalmar Larabci ta nila. A 1828 Wöhler ya haɗa sinadarin fitsari a ɗakin gwaji, abin da ya nuna cewa hannun mutum na iya yin abin da aka zaci jiki mai rai kaɗai ke yi. A 1856 wani saurayi a Ingila, Perkin, ya sami launin rini na farko daga kwaltar kwal. A 1865 Kekulé ya bayyana cewa kabon 6 na benzin a jere suke kamar zobe. A wannan shekara aka kafa kamfanin BASF, kuma a cikinta ne Adolf von Baeyer ya fara binciken shuni.

Baeyer ya haɗa shuni a ɗakin gwaji a 1878, ya sake samun wata hanya a 1880, ya zana siffar curin a 1883, shekara 18 bayan ya fara. Amma hanyoyinsa sun yi tsada. A 1890 Heumann ya gano wata hanya, kamfanin BASF ya yi ta gyara ta, ya kashe kimanin mak miliyan 18, kafin ya fito da shunin masana'anta kasuwa a 1897. A 1901 Pfleger ya ƙara sauƙaƙa aikin. Baeyer ya sami lambar Nobel a 1905.

Ƙasar da ta fara jin jiki ita ce Indiya, wadda ita ce ke cika kasuwannin Turai da shuni. A 1897 shunin ganye da duniya take samarwa ya kai wajen tan 19,000, kafin 1914 ya faɗo zuwa wajen tan 1,000. Ku lura, shunin Jamus da na gona abu ɗaya ne, curi ɗaya ne. Bajamushe bai ƙago sabon launi ba, siffar tsohon ya gano, sa'an nan ya nemi hanyar gina shi daga kwal.

Ilmin bai tsaya nan ba. A 1903 Lapworth ya bayyana matakan wani sauyi na ƙari dalla-dalla. A 1922 Kermack da Robinson suka fara zana lanƙwasassun kiban nan da ɗalibanmu suke fama da su a jarrabawa, don nuna inda ilektiron ya tashi da inda ya sauka. A shekarun 1930 Hughes da Ingold a Landan suka nuna cewa musanya tana da hanya biyu: ko mai fita ya fara fita sa'an nan mai shiga ya shiga, ko kuwa a yi shiga da fita a lokaci ɗaya. Daga nan kemistiri ya tashi daga haddace girke-girke ya zama ilmin da ake iya hango sakamako tun ba a zuba kome a kwalba ba.

Abin da ya Sami Karofi

Ba daidai ba ne a ce shunin Jamus kaɗai ya durƙusar da rinin Kano, ko kuwa a ce a dare ɗaya abin ya faru. Turawa sun ci Kano a 1903, fataucin Sahara ya yi ta raguwa, layin dogo ya iso a 1911, yadin Turai ya shigo da araha, gyaɗa ta janye hannun manoma. Daga baya masaƙun zamani suka zo, aka buɗe ta Kaduna a 1957. Marina ba su naɗe hannu ba, da yawansu sun karɓi garin shunin kanti suna haɗawa da na ganye. Sannu a hankali soda ta maye gurbin toka da katsi, wani farin gari da ake kira haidiro ya maye gurbin bakteriya, aikin da yake cin kwanaki ya koma na sa'a guda, ganga ta maye gurbin rami. Sauyin da ke aukuwa a cikin ganga shi ne dai na karofi, samun ilektiron da asararsa. Abin da ya sake shi ne, a da kowane abu daga gona da murhu yake fitowa, yanzu kuwa yawancinsa daga waje ake sayowa.

Akwai kuma wata ɓarna da ta shafi mutanen gabas kai tsaye. Dagwalon karofin da, laka ce da ake ƙonawa a sake amfani da ita. Dagwalon masana'antun jima da rini na Sharaɗa da Challawa kuwa yana ɗauke da ƙarfen kuromiyom da wasu sinadarai, kuma yana gangarawa Kogin Challawa, wanda ya haɗu da Kogin Kano ya bi ta Wudil, ya ratsa ta wajen ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja. Manomin fadama da masunci su ne ke ƙarshen wannan zance. Kuromiyom ɗin nan ma yana da siffa biyu, ɗaya ta fi ɗaya dafi nesa ba kusa ba, kuma bambancinsu ilektiron 3 ne kurum. Jami'in da bai san wannan ba, ba zai iya karanta rahoton gwajin ruwa da aka ajiye masa a tebur ba.

Kammalawa

Ga ɗalibai nake cewa, kiban da kuke zanawa a allo labarin abin da ke faruwa ne a tukunyar sabulu da ƙunshin lalle da ramin karofi. Wanda ya fara daga abin da ya sani ya fi saurin kama abin da bai sani ba. Akwai tambayoyin da suka cancanci digiri a nan gida: waɗanne bakteriya ne ke cikin karofinmu, mene ne ainihin abin da katsi ya ƙunsa, wane irin baba ne ya fi indikan a ƙasarmu. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001, tana maƙwabtaka da Gaya, ba ta da uzurin nisa.

Ga ma'aikatan hukuma kuwa, abu biyu ne. Na farko, ilmin marina a ka yake, ba a takarda ba, kuma duk tsohon da ya rasu da nasa yake tafiya. Ya kamata ƙananan hukumomi su sa a bi gari-gari a rubuta inda tsofaffin karofi suke, a zauna da waɗanda suka rage a ɗauki bayaninsu. Na biyu, makarantar sakandaren da ba ta da ɗakin gwaji mai aiki ba za ta fitar da wanda zai tambayi dalili ba. Kakanninmu sun san yadda ake yi, sun kuma ci moriyarsa har sunan Kano ya kai bakin Bahar Rum. Abin da ya rage mana shi ne mu haɗa wannan da sanin dalili, don kada a sake karɓe mana wata sana'a muna kallo.